An Sa Linux, Wi-Fi Ya Ƙi Fitowa: Yadda Ake Bin Sawun Matsalar

Laftof ɗin da ke hannun yawancin ɗalibai a Katsina, ko na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua ko na Kwalejin Hassan Usman, na hannu ne: HP EliteBook da ProBook, Dell Latitude, Lenovo ThinkPad da makamantansu. Irin waɗannan suna ɗaukar Linux lafiya lau. Inda ake yawan yin tuntuɓe shi ne Wi-Fi. An gama sa Ubuntu ko Linux Mint, komai na aiki, amma alamar Wi-Fi ko sama ko ƙasa, ko kuma Settings ya rubuta "No Wi-Fi Adapter Found". Daga nan sai mutum ya ɗauki wayarsa, ya kwaso umarni daga wurare goma ya zuba, matsalar da take ɗaya ta koma uku.

Sunan laftof ba ya gaya maka katin da ke cikinsa. HP biyu masu suna ɗaya da kama ɗaya, wannan na iya ɗauke da katin Intel, wancan na Realtek ko Broadcom. Umarnin da ya ta da na abokinka zai iya kwantar da naka, kamar mai shan maganin maƙwabci don ya ji shi ma kansa ke ciwo. Saboda haka ba a sa wa kwamfuta komai sai an san lambar katin.

Fara samo intanet ta kebul

Kusan duk gyaran da ke tafe yana buƙatar intanet, ga shi Wi-Fi ɗin ne babu. Wayarka za ta fitar da kai. Haɗa ta da laftof da kebul na USB, ka shiga Settings na wayar, wajen Hotspot & tethering, ka kunna USB tethering. Tecno ce, Infinix, itel ko Samsung, Linux zai gane ta nan take a matsayin intanet na kebul, ba sai ka sa direba ba, wato manhajar da ke sa tsarin ya iya aiki da na'ura. In maɓallin ya yi fari ya ƙi kunnuwa, kebul ɗin ne. Da yawa daga masu araha caji kawai suke yi, ba su da wayoyin data a ciki. Canza wani. Ka kuma tanadi data mai ɗan kauri, don sabunta tsarin a karon farko kan ci ɗaruruwan megabait.

Buɗe Terminal, tagar da ake rubuta umarni, da Ctrl, Alt da T a tare. Abu biyu ne ke ruɗa sabon shiga a nan. Liƙa abin da ka kwafo ana yinsa da Ctrl, Shift da V. Sannan duk umarnin da ya fara da sudo zai tambayi kalmar sirrinka, kuma yayin da kake rubutawa ba za ka ga ko ɗigo ba. Yana karɓa. Rubuta ka danna Enter.

Ko dai an kashe shi ne kawai

Rubuta:

rfkill list

A ƙarƙashin Wireless LAN za ka ga layi biyu, "Soft blocked" da "Hard blocked". In na farko ya ce yes, tsarin ne ya kashe, kuma wannan zai buɗe shi:

sudo rfkill unblock all

In na biyu ne ya ce yes, babu umarnin da zai buɗe shi, domin daga jikin laftof aka kashe. Tsofaffin Latitude da ThinkPad suna da ɗan makunni a gefe ko a gaba, wanda jaka ma kan ture shi. A HP yawanci F12 ne, mai ɗan haske: ruwan lemo a kashe, fari a kunne. Gwada shi kaɗai, ka kuma gwada tare da Fn. In bai buɗe ba, shiga BIOS, wato saitin laftof ɗin kansa, lokacin kunnawa, F10 a HP, F2 a Dell, F1 a ThinkPad, ka tabbatar Wireless LAN na kunne. EliteBook da ProBook suna da wani saiti a can mai suna "LAN/WLAN Auto Switching", wanda ke kashe Wi-Fi da zarar an soka kebul na intanet. Cire alamarsa.

Wasu Lenovo IdeaPad kan ce a toshe suke alhali babu makunnin a jikinsu kwata-kwata. Gwada:

sudo modprobe -r ideapad_laptop

In Wi-Fi ya fito, ka kama ɓarawon. Don ya zauna har bayan sake kunnawa:

echo "blacklist ideapad_laptop" | sudo tee /etc/modprobe.d/ideapad.conf

Mai Windows da Linux a laftof ɗaya yana da ƙarin abin dubawa. Windows 10 da 11 ba sa mutuwa gaba ɗaya in ka danna Shut down, suna barin wasu sassa cikin rabin barci don su tashi da sauri, kuma katin Wi-Fi kan maƙale a haka. Shiga Windows, Control Panel, Power Options, "Choose what the power buttons do", ka cire alamar "Turn on fast startup". Kashe laftof ɗin, cire caja, cire batir in mai fita ne, danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa 30, sannan ka shiga Linux.

Wanda kuma ya sa Kali ko Ubuntu a cikin VirtualBox, manhajar da ke tafiyar da Linux daga cikin Windows, kada ya wahalar da kansa. A can katin cikin laftof ba zai taɓa fitowa a matsayin Wi-Fi ba, intanet ɗin Windows ake ara masa kamar ta kebul.

Lambar katin

lspci -nnk | grep -iA3 network

Wannan sandar tsaye da ke tsakiya tana ba mutane wuya. A kibod ɗin Amurka tana saman Enter. A na Ingila tana kusa da Z. In kibod ɗin na Ingila ne amma an saita tsarin a na Amurka, tana kan maɓallin # na kusa da Enter, tare da Shift.

Abin da zai fito zai yi kama da wannan:

Network controller [0280]: Broadcom BCM43142 802.11b/g/n [14e4:4365]

Lambar ƙarshen nan ita ce komai. Huɗun farko kamfani ne: 8086 Intel, 14e4 Broadcom, 10ec Realtek, 168c Qualcomm Atheros, 14c3 MediaTek. Huɗun ƙarshe ainihin katin. Rubuta ta a takarda. Sai ka duba ƙasa kaɗan ko akwai layin "Kernel driver in use". In babu shi, katin na nan amma ba shi da direba. In akwai shi kuma Wi-Fi bai fito ba, ko dai direban ba nasa ba ne, ko kuma ɗan fayil ɗin da direban ke loda wa katin, wato firmware, ne ya ɓace. In umarnin bai fito da komai ba, gwada lsusb, don wasu katunan ta layin USB suke ko da a ciki suke. In nan ma shiru, tsallaka zuwa sashen ƙarshe, maganar ta koma ta sukundireba.

Broadcom

Shi ya fi kowa ba da ciwon kai, domin direbobi uku ne ke takara a kansa, kuma ba sa zama tare. Akwai wl na kamfanin, akwai b43, akwai brcmsmac.

Hanya mafi sauƙi ita ce ta taga. A Ubuntu buɗe Software & Updates ka shiga Additional Drivers. A Linux Mint buɗe Driver Manager. Mint na da wata fa'ida: in ba ka da intanet, soka filashin da ka sa tsarin da shi, Driver Manager zai ɗauko direban daga ciki.

In ka fi son Terminal, bi lambar. Masu 14e4:4365 da 14e4:43a0, wato BCM43142 da BCM4360, wl kaɗai ke ɗaukar su. Kada layin "bcma-pci-bridge" ya ruɗe ka ka zaci an riga an samu direba, riƙe katin kawai ya yi. A Ubuntu 24.04 da Mint 22:

sudo apt update
sudo apt install broadcom-sta-dkms

A Ubuntu 22.04 da Mint 21 sunan da aka saba da shi bcmwl-kernel-source ne. Wannan direba haɗa shi ake yi a kan kwamfutarka, don haka zai ɗauki 'yan mintuna. Bar caja a jiki, kada ka fara da batirin da ke daf da mutuwa alhali ba wuta. In ya gama, rubuta dkms status, ka nemi kalmar "installed".

Mai 14e4:4315, wato BCM4312 na tsofaffin Dell da HP, b43 ya fi masa:

sudo apt install firmware-b43-installer

Wannan dole sai da intanet, domin sauko da fayil ɗin yake yi lokacin sawa. Mai 14e4:4727, BCM4313, yawanci brcmsmac da ke cikin tsarin tun asali ya ishe shi.

Ga tarkon. Kunshin wl yana rubuta fayil a /etc/modprobe.d wanda ke hana b43 da brcmsmac tashi. Wanda ya sa wl bisa kuskure, sannan ya sa b43 a kai, zai ga babu wanda ya yi aiki. Sai an cire na farkon da purge, ba remove ba, don purge ne ke share fayil ɗin hanin:

sudo apt purge bcmwl-kernel-source broadcom-sta-dkms

Sake kunna laftof bayan kowane canji. Canji ɗaya, kunnawa ɗaya, dubawa ɗaya. In ka haɗa uku a lokaci guda, ko ya gyaru ba za ka san wanne ya gyara ba.

An sa direba, dkms ya ce installed, har yanzu shiru

Nan Secure Boot ne ake zargi, wato tsaron da ke hana direban da ba a san sa hannunsa ba tashi. Rubuta:

mokutil --sb-state

In ya ce enabled, gwada sudo modprobe wl. Amsar "Key was rejected by service" tana nufin tsarin ya ƙi direban saboda bai san sa hannun da ke kansa ba. Lokacin sa direban, Ubuntu kan nemi ka ƙirƙiri wata kalmar sirri ta wucin gadi. Da ka sake kunnawa, wani shuɗin allo zai fito mai "Perform MOK management". Mafi yawan mutane tsoro suke ji su danna Continue boot, shi ke nan an wuce wurin. Abin da ake so shi ne Enroll MOK, Continue, Yes, ka sa wancan kalmar sirrin, sannan Reboot. Allon yana ɗaukar kibod a matsayin na Amurka, don haka ka zaɓi kalmar da ba ta da alamomi, haruffa da lambobi kawai.

In allon ya wuce ka, hanya mafi gajarta ita ce shiga BIOS ka kashe Secure Boot. Amma mai Windows 11 a gefe, musamman in BitLocker, makullin faifan Windows, na kunne, ya fara adana mabuɗin dawo da BitLocker ɗinsa, don canza wannan saitin kan sa Windows ya nemi mabuɗin kafin ya buɗe.

Intel, Atheros da MediaTek

Waɗannan direbobinsu na cikin tsarin tun asali, ba a nemo su a waje. Duk wanda ya ce ka sauko da direban Intel daga wani shafi, bar shi. In suka ƙi aiki, duba abin da tsarin ya ce:

sudo dmesg | grep -i firmware

Ganin "Direct firmware load for ... failed with error -2" sau ɗaya ko biyu ba lallai matsala ba ce, domin direban Intel, iwlwifi, kan fara neman sabon fayil, in bai samu ba ya koma na baya. In daga ƙarshe ka ga "loaded firmware version", lafiya. In ba ka gani ba:

sudo apt install --reinstall linux-firmware

Kunshin babba ne, ɗaruruwan megabait. A Debian, wani nau'in Linux, an rarraba shi: firmware-iwlwifi, firmware-realtek, firmware-atheros, kuma tun daga Debian 12 na 2023 suna zuwa cikin filashin sawa.

Sauran dalilin shi ne katin ya fi tsarin sabunta. Duba lambar kanel, wato zuciyar Linux mai ɗauke da direbobi, da uname -r. Intel AX200 na son 5.1 zuwa sama, AX210 na son 5.10, MediaTek MT7921 na son 5.12. Ubuntu 22.04 ya fito da 5.15, na 24.04 da 6.8. Wanda aka tura wa tsohon Ubuntu 18.04 a filashi ya sa a sabon laftof, kada ya ɓata lokaci da faci, ya nemo sabon tsari.

Realtek

Katin 10ec:c821, RTL8821CE, ya cika ƙananan HP da Lenovo. Tun kanel 5.9 akwai direbansa a ciki, don haka sabon tsari kan wadatar.

Na 10ec:b723, RTL8723BE, shi ke da hali na daban. Wi-Fi na fitowa, amma sai ka ɗora waya a kan kibod kafin ya ga hosfot ɗinta, ka matsa taku uku ya ɓace. Dalili: katin na da bakin eriya biyu, kamfani ya haɗa wayar eriya ɗaya kawai, direban kuma yana saurare ta bakin da babu komai. Gwada:

sudo modprobe -r rtl8723be
sudo modprobe rtl8723be ant_sel=2
nmcli device wifi list

Duba lambar da ke ƙarƙashin SIGNAL. Maimaita da ant_sel=1 ka kwatanta. Bambancin ba ya ɓuya. Wanda ya fi ƙarfi shi za ka zaunar:

echo "options rtl8723be ant_sel=2" | sudo tee /etc/modprobe.d/rtl8723be.conf

Yana ganin na wasu, ba ya ganin naka, ko ya ƙi shiga

In ya kai nan, katin da direban sun yi. Tsofaffin katuna irin BCM43142 da RTL8723BE zangon 2.4 GHz kaɗai suke ji. In hosfot ɗin wayarka na kan 5 GHz, har abada ba za su gan shi ba. Shiga saitin hosfot ka mai da AP band zuwa 2.4 GHz. A iPhone ana kunna Maximize Compatibility. A wurin dai, in Security na kan WPA3, mai da shi WPA2-Personal, don direban wl da tsofaffin katuna da yawa ba su san WPA3 ba. Alamar wannan ita ce ya yi ta juyawa yana sake tambayar kalmar sirri alhali daidai ka sa.

Kibod ma na jawo haka. A laftof ɗin Ingila da aka saita a tsarin Amurka, @ da " sun yi musayar wuri. Danna alamar idon nan ka ga abin da kake rubutawa da gaske. In an taɓa adana kalmar da ba daidai ba, goge ta ka sake:

nmcli connection delete "SunanHosfot"
nmcli --ask device wifi connect "SunanHosfot"

In MiFi ne na ɗaki, na MTN ko Airtel ko Glo, yana da iyakar mutanen da yake ɗauka. Mai yiwuwa ya cika, ko mai shi ya toshe ka. Adireshin shiga saitinsa na rubuce a ƙarƙashin murfin batir.

Wanda ke shiga ya yi ta yankewa, musamman in an cire caja, tanadin batir ne ke sa katin gyangyaɗi. A Ubuntu da Mint:

sudo nano /etc/NetworkManager/conf.d/default-wifi-powersave-on.conf

Mai da wifi.powersave = 3 ya zama 2. Ctrl da O, Enter, Ctrl da X. Sannan sudo systemctl restart NetworkManager.

Ya haɗu, shafi ba ya buɗewa

Fara duba ko datar ce ta ƙare, ko kuma irin ta soshiyal midiya ce kawai. Sannan:

ping -c 4 8.8.8.8
ping -c 4 google.com

In na farko ya amsa na biyu ya ƙi, mai fassara sunayen shafuka zuwa lamba ne ya samu cikas. Shiga saitin wannan Wi-Fi ɗin, IPv4, kashe Automatic na DNS, ka sa 8.8.8.8 da 1.1.1.1, ka cire ka sake haɗawa.

In duka biyun sun amsa amma burauza na kukan tsaro, ko apt ya ce "Release file is not valid yet", dubi agogo. Laftof na hannu kan zo da mataccen ƙaramin batirin agogo, mai kama da kwabo, yawanci CR2032, wani a naɗe da ɗan soket mai waya biyu. In babban batir ma ya mutu, duk ɗaukewar wuta sai kwanan wata ya koma shekarun baya. Rubuta sudo timedatectl set-ntp true, in bai daidaita ba ka gyara da hannu, ka kuma canza batirin. Bambancin awa ɗaya tak tsakanin Windows da Linux ba wannan ba ne: Linux na ajiye agogon ciki a kan lokacin duniya, Windows a kan lokacin gida, Najeriya kuma tana gaba da lokacin duniya da awa ɗaya.

In lspci bai ga katin ba sam

Kashe laftof, cire caja da batir, buɗe murfin ƙasa. Katin ɗan ƙarami ne, yawanci sukuru ɗaya ke riƙe shi, da siraran wayoyi biyu, baƙa da fara, da suka gangaro daga allo. Kwance sukurun, katin zai ɗago da kansa, zare shi, goge haƙoran zinaren da busasshen ƙyalle ko abin goge fensir, hure ƙurar hunturu daga ramin, mayar da shi a karkace ka danne. Wayoyin eriya da farce ake danna su a miƙe har su yi ƙas. Kada ka murɗa, bakinsu saurin ɓallewa gare shi, kuma wadda ta fita ita ce ke sa Wi-Fi rauni a Windows da Linux baki ɗaya.

In canji ya zama dole, nemi Intel. Amma ramin iri biyu ne, mini PCIe na tsofaffi da M.2 na sababbi, bakin eriyarsu ma ba girma ɗaya ba, don haka tafi da tsohon katin wurin mai kaya. Intel 9560 da AX201 sai a babban allon ciki (motherboard) da aka ƙera dominsu suke aiki, AX200 bai da wannan sharaɗin. Tsofaffin HP da ThinkPad kuma suna ƙin baƙon kati: HP ya rubuta "104-Unsupported wireless network device", Lenovo ya rubuta "1802: Unauthorized network card", su ƙi tashi sai an cire. Ga irin waɗannan, katin da aka ciro daga laftof irinsu ne mafita.

Wanda ba ya son buɗe laftof sai ya sayi ɗan Wi-Fi na USB. Abin da ke kwali ba abin dogaro ba ne. TP-Link TL-WN722N na farko Atheros AR9271 ne a ciki, yana aiki da an soka, amma na biyu da na uku Realtek ne, da suna ɗaya. Tafi da laftof ɗinka shagon, ko a Babbar Kasuwa ko a ina, ka roƙi mai shago ya bari ka soka kafin ka biya, ka rubuta lsusb. Lambar 148f:7601 da 148f:5370 suna tashi nan take, duk da 2.4 GHz kaɗai suke ji, wanda ya ishi hosfot na waya. In ka ga 0bda:1a2b, na'urar ta fito ne a matsayin faifan direban Windows, sai an juya ta:

sudo usb_modeswitch -KW -v 0bda -p 1a2b

Sake rubuta lsusb. Lambar za ta canza zuwa ta ainihin katin, ita za ka nemi direba da ita. In alamar Wi-Fi ba ta fito ba kana tsaye a shagon, mayar masa ka ce ya ba ka wani.